Taswirar Ajin Matasa: Daga Urushalima Zuwa Cikin Al'ummai

Asabar, 11 ga Janairu

Kwamitin Sande Sukul ya amince. Za mu yi babbar taswira ta katako a bangon ajin matasa, wadda za ta nuna yadda bishara ta fita daga Urushalima ta shiga cikin Al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba. Ayyukan Manzanni muke karantawa daga yanzu har zuwa Ista, ni kuma na gaji da ɗaga 'yar taswirar bayan Littafi Mai Tsarki ina cewa "ga Antakiya nan", alhali na baya ba sa ganin komai sai yatsana.

An ba ni naira dubu 70. Tsarin shi ne filawud biyu masu ƙafa 8 da 4, a haɗa su gefe da gefe, a shafa farin fenti, teku shuɗi, ƙasa ruwan ƙasa. Kowane gari ƙusa ɗaya, kowace tafiya zaren saƙa mai launinsa. Kafintan layinmu ya ce zai yi firam ya kafa a bango. Musulmi ne, maƙwabcinmu tun muna yara, shi ya yi mana bencina bara.

Talata, 14 ga Janairu

Na shiga kasuwar 'yan katako bayan an tashi daga makaranta. Filawud biyu, dubu 38. Katakon firam da ƙusoshi, dubu 9. Mai adaidaita sahu ya karɓi dubu 2 da ɗari biyar, bayan doguwar ciniki, don sai da aka ɗaure kayan a bisa rufin. Kuɗin sun tafi fiye da rabi, ko gwangwanin fenti ɗaya ba a saya ba.

Asabar, 18 ga Janairu

An goge da samfefa, an shafa farin fenti hannu na farko. Mun ja layuka da fensir, gida-gida, a kan ƙaramar taswira da kuma a kan katako, domin abin da ke gida ɗaya a takarda ya koma gida ɗaya a allo. Wata yarinya 'yar aji biyar na sakandare ce ta zana gaɓar teku. Hannunta ya fi nawa nesa ba kusa ba, musamman wajen tsibiran Girka da suka watsu ko'ina.

Lahadi, 19 ga Janairu

Darasi na farko, allon yana jingine, ko launi babu. Mun karanta sura 2, ranar Fentikos. Na sa kowa ya ɗauki suna ɗaya daga jerin ƙasashen ya nemo wurinsa: Fartiya, Madiya, Elam, Mesofotamiya, Kafadokiya, Fontus, Asiya, Firjiya, Bamfiliya, Masar, sassan Libiya wajen Kurane, Roma, Karita, da Larabawa. Nan take uku na farko suka faɗa wajen allon ta gabas, domin ƙasar Iran ce ta yau. Muka rubuta su a gefen firam da kibiya.

Abin da na nace musu a kai shi ne, duk wannan taron Yahudawa ne da waɗanda suka shiga addinin Yahudu, sun zo idi. Bishara ba ta ƙetare katangar ba tukuna. Yesu Bayahude ne, manzanninsa Yahudawa, sujadarsu a Haikali, Littafinsu Attaura da Zabura da Annabawa. Amma Yahudawan nan sun riga sun bazu cikin biranen daular Roma da na gabas ɗaruruwan shekaru kafin wannan rana, kowane babban gari da majami'arsa. A Iskandariya aka soma juya Attaura zuwa Helenanci tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu. Saboda haka duk wanda ya tashi da sabon labari, zai tarar da majami'a a gabansa, da Littafi a harshen kasuwa. Zai kuma tarar da wasu mutane a bakin ƙofar majami'ar, Helenawa da Romawa masu zuwa sauraro, masu ba da sadaka, amma ba su yi kaciya ba. Luka, marubucin Ayyukan Manzanni, yana kiransu masu tsoron Allah. A wani tsohon gari mai suna Afrodisiyas a Turkiyya an tono dutse da aka sassaƙa sunayen irinsu tare da na Yahudawa.

Asabar, 25 ga Janairu

Asara. Ranar Alhamis da yamma muka shafa shuɗin teku, fenti mai, muka bar allunan a baranda su sha iska saboda warin ya cika ɗaki. Cikin dare hunturu ya taso da ƙarfi. Da safe mai gadi ya kira ni ya ce, "Malam, zo ka ga tekunka." Na je na tarar ƙura ta manne a fentin kaf, in ka shafa hannu sai ka ji ƙaiƙayi, shuɗin ya koma toka-toka. Ga tapin ƙafar kaza daga Kubrus har Karita.

Ba wannan ne ya fi ci mini rai ba. Allon dama ya gantsare, tsakiyarsa ta turo waje kusan faɗin yatsa uku. Kafinta ya duba ya ce mai shagon ya haɗa mu da wanda ya sha danshi a ƙasan tari, da bushewar hunturu ta same shi ta gefe ɗaya sai ya lanƙwashe. Na koma shagon, mutumin ya ce kayan da aka shafa wa fenti ba ya dawowa. Ban tsaya ja-in-ja ba. Kafinta ya kwantar da allon a ƙasa, ya yayyafa ruwa a bayansa, ya ɗora bulo shida, ya ce a ba shi kwana uku, sannan zai ƙara sanda biyu a baya a gicciye.

Samfefa da sabon gwangwanin shuɗi da kananzir na wanke burushi, dubu 7 da ɗari biyu. Daga aljihuna. Daga yau a cikin ɗaki za a riƙa shafa fenti, a rufe tagogi da tsohon zane.

Laraba, 29 ga Janairu

Allon ya miƙe. An sake gogewa, an sake shafawa. Babu wuta, da fitilar waya muka ƙarasa gaɓar Italiya.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Sura 6 zuwa 8. Rikici na farko a ikilisiya a kan rabon abinci ne: gwaurayen mata masu jin Helenanci ana tsallake su. Aka zaɓi mutum bakwai, duk da sunayen Helenanci, na ƙarshensu Nikolas mutumin Antakiya, wanda ba a haife shi Bayahude ba. Sai aka jajjefe Istifanus, tsanani ya tashi, masu bi suka watsu cikin Yahudiya da Samariya. Na sa su karanta ƙarshen aya ta farko ta sura 8 sau biyu: kowa ya watsu, ban da manzanni. Waɗanda suka fara fitar da maganar daga birnin 'yan gudun hijira ne, manyan kuwa suna gida.

Da muka zo kan baban nan na Habasha, wato namijin da aka dandaƙe, ma'ajin sarauniya Kandakatu, wanda Filibus ya tarar a hanyar Gaza yana karanta Ishaya sura 53 cikin karusarsa, sai mai zanenmu ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to ina garinsu?" Babu shi. Taswirar da muka kwaikwaya ta tsaya ne a bakin tekun Masar, kamar yawancin waɗanda ake bugawa a bayan Littafi. Ƙasar da Luka yake nufi ita ce Kush, babban birninta Mero'e a bakin Nilu, a Sudan ta yau, kimanin kilomita 200 arewa da Khartoum, inda har yanzu dalolin sarakunansu suke tsaye. Kandakatu ma sarauta ce da matan gidan mulkin suke riƙewa ɗaya bayan ɗaya. Mutumin ya yi tafiyar makonni don ya yi sujada a Urushalima, ga shi baba, wanda Kubawar Shari'a sura 23 ta hana irinsa shiga taron jama'a. Wannan shi ne ya ce, ga ruwa, me zai hana a yi mini baftisma?

Ajin ya yanke shawara, ba ni ba: sai an ƙara allo na uku a ƙasa, a bi Nilu har kudu. Na ce kuɗi fa? Suka ce za su yi karo-karo.

Asabar, 8 ga Fabrairu

An kafa alluna biyu a bango. An rubuta sunayen garuruwa da baƙin maka. Karo-karo ya kai dubu 6. Rabin filawud muke nema, kafinta ya ce yana da guntu, zai bar mana a dubu 10.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Ni kaɗai da yamma ina buga ƙusoshin bakin teku: Gaza, Yafa, Kaisariya, Taya, Sidon, Salukiya. Ina shirya darasin Karniliyus, sai hankalina ya tsaya a kan masaukin Bitrus. A Yafa gidan Saminu majemi ya sauka, a bakin teku. Duk wanda ya taɓa bi ta unguwar majema ya san abin da hanci yake gamuwa da shi tun daga nesa: ɗanyar fata, ruwan toka da na bagaruwa a rami, gashi a tare a gefe, ƙudaje. Mai wannan sana'a kullum hannunsa a jikin mataccen abu yake. A bisa soron gidan nan ne, da tsakar rana, yunwa tana cinsa, Bitrus ya ga mayafi cike da dabbobin da bai taɓa kaiwa baki ba, aka ce ya yanka ya ci, ya ce faufau. Har sau uku.

Kashegari ya kama hanyar Kaisariya, ya shiga gidan Karniliyus, jarumin sojan Roma, shugaban soja ɗari, a birnin da gwamnan mulkin mallaka yake zaune. Da ya koma Urushalima, ƙarar da aka kai shi ba ta baftisma ba ce. Cewa aka yi, ka shiga wurin marasa kaciya, har ka ci abinci tare da su. Wannan zan riƙe don darasin sura 15.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Ranar zare. Ja don tafiyar Bulus ta farko: daga Antakiya ta Suriya zuwa Salukiya, a ƙetare zuwa Salamis a Kubrus, a ratsa tsibirin zuwa Bafusa inda gwamna Sarjiyas Bulus ya ba da gaskiya, a haye zuwa Bariyata inda Yahaya Markus ya juya gida, a hau duwatsu zuwa Antakiya ta Bisidiya, Ikoniya wadda yau ake kira Konya, Listira, Darba. A Listira mutanen gari, da harshensu na Likoniya, suka ɗauka Bulus da Barnaba gumakansu ne da suka sauko, har firist ya kawo bijimai da furanni. Ba a daɗe ba suka jejjefe Bulus suka ja shi bayan gari suna tsammani ya mutu. Yara sun so wannan labari ƙwarai.

Kore don ta biyu, rawaya don ta uku, baƙi don tafiyar fursuna zuwa Roma. Kafin a tashi taswira ta yi kyau, Fasto ya leƙo ya yaba, mutane suka ɗauki hoto.

Ni kuwa raina bai kwanta ba. Na ja baya zuwa bencin ƙarshe na duba, sai na ga allon yana faɗin abin da Littafin bai faɗa ba: wai mutum ɗaya ne ya ɗauki bishara a kafaɗarsa ya zagaya da ita. Zare huɗu, duk nasa. To wa ya kai ta Dimashƙu, inda ya tafi kama masu bi tun bai tuba ba? Wa ya kai ta Antakiya, inda aka fara kiran almajirai Kirista? Sura 11 aya 20 ta ce waɗansu mutanen Kubrus da na Kurane ne suka fara yi wa Helenawa magana a can. Waɗansu. Ko suna ɗaya babu, ga shi kuwa mataki ne da ya sauya komai, a birni na uku mafi girma a daular, bayan Roma da Iskandariya. Kurane kuma a Libiya take. Sai da abin ya kankama Urushalima ta aiki Barnaba ya je ya gani, shi kuma ya tafi Tarsus ya nemo Bulus.

Haka Roma. Bulus ya rubuta musu wasiƙa wajen shekara ta 57, ya ce ya daɗe yana marmarin zuwa bai samu ba, duk da haka a sura 16 ta wasiƙar ya gai da mutum fiye da ashirin da sunayensu, har da Andaronikas da Yuniya da ya ce sun riga shi bin Almasihu. Marubucin tarihin Roma, Suwetoniyus, ya ce sarki Kalaudiyus ya kori Yahudawa daga birnin saboda hargitsi a kan wani "Krestus", ana lissafa abin wajen shekara ta 49. Korar nan ce ta jefa Akila da matarsa Bilkisu Koranti, inda Bulus ya same su suna ɗinkin tanti. Kolosi, Abafaras ne ya koya musu. Da jirgin Bulus ya tsaya a Butiyoli a Italiya, 'yan'uwa ya tarar, suka riƙe shi kwana bakwai. Kakanninmu fatake da suka bi hanyar goro zuwa Gwanja ba kaya kaɗai suka kai ba, sun kai harshe da addini da al'ada a kowane zango, kuma ba a rubuta sunan yawancinsu ba. Ina ganin haka wannan ma ta tafi, a bakin 'yan tireda da bayi da matuƙan jirgi da matan gida.

Zare ba zai iya nuna wannan ba, domin zare yana buƙatar mafari da maƙura. Sai an nemo wata dabara.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Dabarar daga Mama shugabar zumuntar mata ta fito. Ta shigo ɗaukar kujeru, na yi mata bayani, ta ce, "Ɗana, ai sai ka sa maɓalli. Inda aka san wanda ya kai, bar ƙusarka. Inda ba a sani ba, manna farin maɓalli." Da yamma ta aiko jikarta da cikakken gwangwanin madara na maɓallan tsofaffin riguna, kyauta. Gam, ɗari takwas.

Mun manna a Dimashƙu, Antakiya, Roma, Butiyoli, Taya, Sidon, Iskandariya, Kurane. Game da Iskandariya mun yi 'yar gardama, domin ikilisiyar Kibɗawa ta Masar tana riƙe da cewa Markus ne ya kafa ta. Muka sa maɓalli, muka rubuta sunan Markus a gefe da ƙananan haruffa, da na Afolos, ɗan garin, wanda ya iso Afisa ya riga ya san hanyar Ubangiji.

Wurin da ya fi burge ni shi ne Bitiniya, a gaɓar Baƙin Teku. Sura 16 ta ce Bulus ya so shiga can aka hana shi, koren zare ya kauce ya nufi Taruwasa. Amma wajen shekara ta 112 gwamnan lardin, Filini, ya rubuta wa sarki Tarajan yana neman shawara, ya ce abin ya wuce birane ya shiga ƙauyuka da karkara, maza da mata, manya da yara, haikalin gumaka sun kusa zama kango, naman hadaya ya rasa masu saye. Ya ce ya azabtar da kuyangi biyu da ake kira masu hidima don ya ji gaskiyar lamarin, abin da ya samu kuwa shi ne suna taruwa kafin gari ya waye a wata rana da suka tsayar, su yi wa Almasihu waƙa kamar ga allah, su yi alkawarin ba za su yi sata ko zina ko cin amana ba, daga baya su sake haɗuwa su ci abinci. Maɓalli uku muka sa a wurin.

Asabar, 1 ga Maris

Ƙananan yara na ajin ƙasa sun shiga ranar Alhamis bayan koyon waƙa, sun cire rawayan zare gaba ɗaya, sun ɓamɓare maɓallan da hannunsu ya kai. An tsinci Kurane a aljihun wani. Yau duk gyara muka yi. Dole a sa kwaɗo a ƙofar, dubu 3.

Lahadi, 2 ga Maris

Sura 15, tare da Galatiyawa sura 2. Na gayyaci Baba, dattijon ikilisiya mafi tsufa, ya zauna da mu.

Matsalar farko, yaranmu ba su ga abin rigima a kaciya ba. A nan kowa ana yi masa tun yana ƙarami, Kirista da Musulmi, ba wanda yake tambaya. Sai da na bayyana musu cewa Bahelene ko Barome abin kunya yake ɗaukarta, nakasa ce a idonsa, ga shi mutanen da suke wanka da motsa jiki a bainar jama'a tsirara. A ce wa magidanci mai shekara arba'in sai ya yi wannan, ba allurar kashe zafi, sannan ya bar cin abinci da danginsa, kafin a karɓe shi. Da an tsaya a kan haka, masu tsoron Allah ɗin nan da sun ci gaba da zama a bakin ƙofa.

Waɗanda suka ce sai an yi kaciya ma ba mugaye ba ne, na ce musu kada su zana su da ƙaho. Alkawarin da Allah ya yi da Ibrahim a Farawa sura 17 suke karewa, kakanninsu kuwa sun mutu a kansa a zamanin Makabiyawa, Yahudawan da suka yi wa mulkin Helenawa tawaye. Taron Urushalima, wajen shekara ta 49, ya saurari Bitrus, ya saurari Barnaba da Bulus, sannan Yakubu ɗan'uwan Ubangiji ya yanke: kada a ɗora wa Al'ummai kaciya, sai dai su guji abu huɗu, abin da aka miƙa wa gumaka, da jini, da abin da aka maƙure, da fasikanci. Uku daga ciki maganar akushi ce. A ganina an tsara su ne don Bayahude mai bi ya iya sa hannu a kwano ɗaya da ɗan'uwansa Bahelene.

Takarda kuma ba ta kashe magana ba. A Galatiyawa Bulus ya ba da labarin yadda Bitrus yake cin abinci da Al'ummai a Antakiya, da waɗansu suka zo daga wurin Yakubu sai ya janye jiki, har Barnaba ya bi sahu, Bulus ya tsaya masa a gaban kowa. Wani yaro ya tambaya, "To Malam, me ya sa shi Bulus ɗin ya yi wa Timoti kaciya a sura 16, amma ya hana a yi wa Titus?" Tambaya mai kyau. Uwar Timoti Bayahudiya ce, za su riƙa shiga majami'u tare. Titus Bahelene ne gaba da baya, a kansa ne ake gwada ko Ba'al'umme zai shiga yadda yake.

Baba bai yi magana ba sai a ƙarshe. Ya ce, "'Ya'yana, lokacin da mahaifina ya tuba a ƙauyenmu, tambayar da ta raba gida ita ce ko zai ci naman da aka yanka a gindin tsafi ranar bikin girbi. Bai ci ba. Shekara biyu 'yan'uwansa ba su ba shi ruwa a ƙwaryarsu ba." Na buɗe musu 1 Korantiyawa sura 8 da 10, inda Bulus yake fama da wannan tambaya, domin a Koranti naman mahauta da yawa daga haikalin gumaka yake fitowa. Mun wuce lokaci da rabin awa, ba wanda ya motsa.

Talata, 4 ga Maris

Kafinta ya kawo allo na uku da safe, don yana azumi, ba ya son aikin rana. An cika masa dubu 10, Fasto ne ya ƙarasa dubu 4 da suka rage. Yana kafawa yana kallon zanen fensir, ya nuna Aksum ta Habasha ya ce, "Malam, nan ne garin Najjashi?" Na ce masarautarsa ke nan. Sarkin da ya ba sahabbai mafaka a hijirar farko, wajen shekara ta 615, Kirista ne, kuma gidan sarautar ya kusa shekara ɗari uku cikin addinin a lokacin. Wani saurayi ɗan Taya mai suna Furumentiyus, wanda aka kama a gaɓar Bahar Maliya aka kai fada, shi ne ya zama bishop na farko, Atanasiyus na Iskandariya ya naɗa shi. Sarki Ezana ya karɓi addinin a ƙarni na 4, a kuɗin da ya buga ana ganin gicciye ya maye gurbin alamar wata da rana. Kafinta ya ce wannan bai taɓa ji ba, ya ce in mun gama a kira shi ya gani.

Lahadi, 9 ga Maris

Sura 16 zuwa 18. Lidiya mai sayar da jan alharini a Filibi, a bakin kogi. Babbar hanyar Romawa da ta bi ta Filibi da Tasalonika, mun zana ta da ɗigo-ɗigo. A Koranti na manna 'yar takarda mai "51–52", saboda rubutun da aka tono a Delfi ya nuna lokacin ne Galiyo yake gwamnan Akaya, shi ne kuma ya ƙi sauraron ƙarar da aka kai Bulus. Daga wannan shekara ake auna sauran shekarun tafiye-tafiyensa gaba da baya.

Nilu ya samu shuɗinsa, a ɗaki a rufe. Mero'e ta samu ƙusa da siririn farin zare daga Gaza. Luka ya ce mutumin ya ci gaba da tafiyarsa yana murna, daga nan bai ƙara ambatonsa ba, shi ya sa na hana a rubuta cewa shi ya kafa ikilisiyar Sudan. Masarautun Nubiya sun karɓi addinin ne a ƙarni na 6, daga zuwan wani mai wa'azi, Yuliyan, wajen shekara ta 543. Babban cocin Faras, da masana daga Poland suka tono a farkon shekarun 1960 kafin ruwan madatsar Aswan ya rufe wurin, an kai zanen bangonsa gidajen tarihi na Khartoum da Warsaw.

Lissafi zuwa yau: dubu 70 na kwamiti sun ƙare, karo-karo da na Fasto dubu 10, nawa dubu 11. Saura banish, an ce mini dubu 9.

Abin da ya rage kafin Ista: a sa takardun shekaru a gefen firam, 64 gobarar Roma da kisan da Nero ya yi wa Kirista, 70 rushe Haikali, 135 ƙarshen tawayen Yahudawa na Bar Kokba, bayansa aka hana Yahudawa shiga Urushalima, ikilisiyar birnin ta koma ta Al'ummai. A yamma sai Kartaj a Tunisiya ta yau, inda aka yanke wa mutum 12 daga Sikili ta Afirka hukuncin kisa ranar 17 ga Yuli, shekara ta 180, ɗayansu yana ɗauke da wasiƙun Bulus a jakarsa. A gabas Edessa, da gidan sujada na Dura-Yurofos a bakin Furat, sai kibiya zuwa Indiya inda Kiristocin Kerala suke danganta kansu da Toma. Kartaj za ta faɗa daidai bakin allon hagu, sai an matsar da akwatin bayanin launuka zuwa ƙasa. Maɓalli sun kusa ƙarewa, Mama ta ce za ta yi cigiya ranar Talata a taron mata.